Fiat 640 Mai Ruwan Goro, 'Yar Garinsu Ferrari

Idan aka ce in nuna ƙirar Italiya da ta fi burge ni a duniya, ba sai na nemi biza ba, ba kuma sai na leƙa garejin wani attajiri a Abuja ba. Hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta ishe ni. A farkon damuna, da ruwa ya sauka sau biyu ko uku ƙasa ta yi laushi, daga bakin kwalta za ka hango ta, mai ruwan goro, tana jan garma mai faifai uku, ƙasa na kifewa a bayanta, balbelu na bin sawu. Fiat 640 ke nan. Na ga sababbin taraktoci masu ɗakin gilashi da na'urar sanyi, na ga na Indiya da na Sin da ake jerawa a filin taro a yanka musu ƙyalle a tafa, amma har yau babu wadda ke sa in ce wa direba ya ɗan taka birki in more kallo sai wannan tsohuwa. Tubarkalla! An ƙera ta da niyyar ta daɗe, ta kuwa daɗe ɗin.

Samari masu ajiye hoton motocin tsere a waya za su yi dariya, su ce ina Ferrari ina tantan. To, su gyara zama. Kamfanin Fiat, wanda aka kafa a birnin Turin a 1899, ya fara ƙera tarakta tun ƙarshen yaƙin duniya na farko, da wadda ake kira 702. Daga shekarun 1930 masana'antar taraktocinsa ta zauna a Modena, garin da aka haifi Enzo Ferrari a 1898, garin da Maserati ke zaune, wanda tsakaninsa da Maranello inda ake ƙera Ferrari bai kai kilomita 20 ba. A 1969 Fiat ya sayi rabin kamfanin Ferrari, a 1988 ya kai kashi 90 cikin ɗari. Ke nan lokacin da 640 ta fito a 1973, ita da Ferrari tukunya ɗaya ke ciyar da su.

Shi kuwa Ferruccio Lamborghini ɗan manoma ne, kuma da tarakta ya yi arziki. Bayan yaƙin duniya na biyu ya riƙa sayen ragowar motocin soja yana farke su yana haɗa taraktoci, ya kafa kamfaninsa a 1948. Abin da kanikawanmu ke yi a gindin darbejiya shi ya yi, illa dai shi gwamnatin ƙasarsa ta ba manoma rancen sayen injin gida, kasuwa ta buɗe masa. Sai da kuɗin tarakta suka taru ya sayi Ferrari, kulocinta ya dame shi, ya kai ƙorafi. Labarin da ake bayarwa shi ne Enzo ya ce masa ya koma ya ji da taraktocinsa. Haushin wannan magana ne ya haifi kamfanin motocin Lamborghini a 1963, da motarsa Miura a 1966. Saboda haka in ɗan Bakori ya hau tarakta ya buga ƙirji, yana da hujja.

Ga abin da ke sa ni murmushi kullum. Ferrari 250 GTO, wadda masu tara tsofaffin motoci suka naɗa sarauniya, injinta lita uku ne, silinda 12, ƙarfin doki wajen 300. Injin 640 ya fi shi faɗin ciki: lita uku da rabi, silinda huɗu kacal, ƙarfin doki 64, inda aka samo lambar sunanta. Waccan tana kurma ihu har juyi dubu bakwai da wani abu a minti, tamu a 2,400 take tsayawa, kuma ba ta da bukatar ta wuce nan. Giya takwas ta gaba, biyu ta baya. Gudunta bai kai kilomita 30 a awa ba, ɗan acaɓa ma sai ya wuce ta yana waige. Amma a ɗaura wa GTO garma a sa ta a lakar fadamar Ɗanja mu sha kallo.

Yadda taraktoci suka yawaita a wannan yanki sananne ne. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Lokacin babu jihar Katsina, sai a 1987 aka yanke ta daga Kaduna. Shirin ya game gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, ya yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri, ya ƙare a 1980. Ƙasar da aka sani da auduga tun zamanin injinan gurza na Turawa da dogon da ya ratsa Funtua ya nufi Ƙauran Namoda, sai ga ta ta zama ƙasar masara. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi ta koma abin lodi a tirela. Ga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, ga na Shagari a 1980, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da tsofaffin sojoji suka buɗe gandaye waɗanda shanun huɗa ba za su iya musu ba.

A daidai wannan lokaci ne gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun haɗa motoci shida da haɗin gwiwar Turawa. Peugeot ta samu Kaduna, Steyr ta ƙasar Ostiriya ta samu Bauchi, Fiat ta samu Kano, a kamfanin NTM da ke kan titin Zariya, inda aka riƙa haɗa manyan motoci da taraktoci. Wannan aiki bai yi tsawon rai ba. Faɗuwar kuɗin mai da karyewar naira a tsakiyar shekarun 1980 suka tsayar da shi, sabuwar tarakta ta fi ƙarfin manomi, kowa ya koma lallaɓa tsohuwarsa. A nan aka gane wace ce wace. Da yawa daga cikin sa'o'inta sun zama mazaunin kaji, ita kuwa har gobe ana rubuta suna ana bin layi don ta zo ta yi haro.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami tana wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, a hannun wani Alhaji mai noman masara da waken suya. Fentinta na asali ne, rana ta sha shi har ya koɗe, amma da ka ɗaga bonet za ka ga ruwan goron nan a ciki yana nan raɗau. A saman madigadin hagu, inda direba ke dafawa in zai hau, hannu ya cinye fenti har farin ƙarfe na ƙyalli. Abin taka kuloci ya yi sumul, zanen da aka yi masa don kada ƙafa ta zame ya shafe tuni. Kujera ta mutu an yi mata matashi da buhu, an ɗaure da robar tsohuwar tuf. Agogon awa ya tsaya tun ba a haifi direbanta na yanzu ba. Alhaji ya dangwali gas da ɗan yatsa ya goge wani ɗan faranti da ke maƙale a jikinta da ƙusoshin masana'anta, sai ga sunan Fiat, ga shaidar ƙirar Italiya, ga lambobi a jere babu wadda aka kankare. Ya zagaya ya nuna mini lambar da aka buga a jikin bulok. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Sannan aka tayar da ita, da sanyin safiya, injin bai ga wuta ba tun jiya. Ba a tura ta ba, ba a ajiye ta a gangare ba, ba a kanga mata tsumman fetur a hanci ba. Direban ya murɗa makulli, ta yi tari ɗaya, ta saki ɗan baƙin hayaƙi, ta kama. Kai jama'a! Dug-dug-dug, a natse, babu silindar da ke rige 'yar uwarta, babu ƙarar ƙarfe daga ƙasa. Cikin ɗan lokaci hayaƙin ya washe, sai zafi kawai ke fita daga salansa. Da ta shiga gona ya sauke garma, sautin ya yi ƙasa kaɗan, ta ɗan noƙe, ta ja. Ba ta yi gardama ba. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da inji mai shekara wajen hamsin yana irin wannan aiki ba, ba zai gane abin da ke sa mutum ya rasa bakin magana ba.

Masu sayen tsohuwar Ferrari a Turai da Amurka tambaya uku suke yi kafin su taɓa aljihu. Asalinta fa, kayan da ta fito da su ne a jikinta? Hannun wa da wa ta bi? Me da me aka taɓa mata, kuma wa ya taɓa? Irin binciken da dattawa ke yi ne idan an zo neman aure, kuma su ne dai tambayoyin da manomin Kafur ko Dandume ke yi idan dillali ya kai shi ganin tarakta. Bambancin kawai su can sun mayar da abin hukuma. A 2006 kamfanin Ferrari ya buɗe wani sashe a Maranello mai suna Ferrari Classiche, aikinsa tantance motocin da suka haura shekara 20. Takardun ƙirar motocinsu na nan a ajiye tun daga 1947. Za su duba lambar shasi, lambar inji, lambar giyabos, su gwada da abin da aka rubuta ranar da motar ta bar masana'anta, har ƙarfen shasin sukan gwada. Wadda ta tsallake sai a ba ta jan littafi, farashinta ya tashi. Lamborghini ma ya buɗe nasa sashen, Polo Storico, a 2015, kuma su ne a 2019 suka tabbatar da wace Miura ce aka tuƙa a farkon fim ɗin The Italian Job na 1969, bayan shekara 50 ana cece-kuce. Ita ma, in ba ku sani ba, mai ruwan goro ce.

Kuɗin da ke ciki ne ya sa ake wannan ƙaƙale. GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. A 2018 an yi gwanjon ɗaya a Monterey ta jihar Kalifoniya a kan dala miliyan 48.4, a 2023 wata 'yar uwarta ta kai miliyan 51.7 a birnin New York. Inda irin wannan kuɗi yake kuwa dole a samu masu dabara: an sha yanka lafiyayyar Ferrari 250 GTE, wadda ba ta kai ta daraja ba, a ɗora mata gangar jiki irin ta GTO. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na wata Ferrari 500 Mondial ce ta 1954. Ta yi haɗari, ta ƙone, ta lanƙwashe, ta shekara da shekaru a jibge. In da a Fanteka ta Kaduna aka ajiye ta, ɗan gwangwan sai ya yi tayin rainin wayo. A watan Agusta na 2023 aka saye ta a kan kusan dala miliyan 1.9. Ba ƙarfen aka saya ba. Lambar shasinta aka saya, da shaidar cewa ita ce ta yi tseren Mille Miglia a shekarar da aka ƙera ta.

A nan babu jan littafi. Rasit na farko ya ɓace, ko gara ta yi buɗa-baki da shi. Amma salsalar tarakta na nan daram a bakin mutane, kuma wani lokaci ta fi takarda cika. Je ka zauna a garejin taraktoci a Funtua da hantsi, ka sayi shayi ka yi shiru. Za ka ji waccan ta gwamnati ce aka fitar gwanjo, ba ta yi aiki da yawa ba amma kowa ya hau, ba mai duba baƙin mai, kuma an kwashe mata kaya an sa wa wata. Waccan ta taɓa kifewa a rafi da tirelar rake. Waccan ta yi shekaru tana jan yashi, kada kyan jikinta ya ruɗe ka, giyarta ta gaji. Wannan kuwa gonar mai ita kaɗai ta sani, da kaka ta ɗauko masara, da rani a rufe ta da tamfol. Ta Alhajin nan hannu uku ta bi: daga gwamnati zuwa wani mai sayen auduga, daga shi zuwa mahaifin Alhaji, kuma bakanike ɗaya ne ke taɓa ta tun zamanin mahaifin. A wurina wannan ya fi kowane hatimi.

Wurin da ake yin cinikin biri a sama shi ne batun ƙasar ƙira. Kyan 640 da ƙanwarta 480 mai silinda uku ya sa ƙasashe suka nemi izinin ƙera irinsu. Kamfanin Türk Traktör na birnin Ankara ya ƙera taraktocin Fiat tun shekarun 1960. Masana'antar Brasov a ƙasar Romaniya ta fitar da nata da sunan Universal. A Pakistan, kamfanin Al-Ghazi da aka kafa a 1983 ya ci gaba da ƙera 480 da 640 a Dera Ghazi Khan, har bayan Fiat ya sayi Ford New Holland a 1991 suna ya sauya. Waɗannan ba jabu ba ne, 'ya'yan halak ne, da izini aka yi su. Hasali ma su ne suka tsawaita ran ta Italiyar, domin da yawa daga kayan gyaran da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, fistin da ringi da metal da famfon ruwa, albarkacin waɗannan masana'antu ake ci gaba da yin su. Abin da ba na yafewa shi ne a ɗauko ta wata ƙasa a ce maka ta Modena ce, a karɓi kuɗin ta Modena. Kowace a kira ta da sunan ubanta, mai saye ya zaɓa.

Tarihin gyara kuwa a jikinta yake, ga mai ido. Na tambayi bakaniken Alhaji, wani dattijo da furfura ta cika masa gemu, hannunsa baƙi ƙirin har cikin farce.

"Baba, in aka kawo maka wadda ba ka sani ba fa, mai ita ya rantse ba a taɓa buɗe injinta ba?"

Ya yi dariya. "Malam, ai noti ba ya ƙarya. Dubi kan notin. In sifana ta taɓa shi za ka ga gefen ya ɗan ci. Dubi bakin gaskit, in ka ga jan gam ya leƙo, an buɗe. Ba laifi ba ne a buɗe, wa ya buɗe shi ne magana."

Daga nan ya shiga karanta mini. Kada ka yarda a nuna maka tarakta da zafinta, ka sammako ka dafa injin da hannunka ka ji sanyi kafin a tayar. In ta kama, cire murfin baƙin mai: in hayaƙi na bugowa daga nan, ringi ya tafi. Baƙin hayaƙi da ba ya washewa, nozul ne ko famfon gas, ko kuma ta shaƙe da ƙura. Shuɗi, tana shan baƙin mai. Fari, ka duba lagireto ka ga ko ruwa na tafasa da kumfa, in haka ne gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Ɗaga garma sama ka kashe injin ka tsaya kana hira. In kafin ku gama gaisawa ta sauko ƙasa, hayidirolik ya gaji. Sai babbar tambaya, karanshaf: yana sitanda ne, ko an gurje shi zuwa ten, ko twanti, ko ya kai tati? Kowace gurza rai ɗaya ce aka ci. Ta Alhaji sau ɗaya aka gurza, tana kan ten, an sa mata sababbin silif da fistin, kuma Baba ya tuna damunar da aka yi, domin a shekarar ce aka yi wa babban ɗan gidan aure. Ga rajista, ga magatakarda.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wanka. Da kaka ta wuce, kuɗi sun shigo hannun manoma, sai ka ga tsofaffin taraktoci sun fito fes, an fesa musu fenti tun daga salansa har taya, an fesa a kan datti, a kan giris, a kan tsagar da aka cike da walda aka shafe da fila, wani lokaci har farantin lambar an lulluɓe. An liƙa sabuwar sitika. Wani maƙwabcinmu ya sayi irin wannan a hannun wani dillali, huɗar farko bulok ya fara zubar da ruwa ta inda fenti ya ɓoye. Su ma Turawa sun daɗe suna wannan kuskure na mayar da tsohuwar mota ta fi sabuwa ƙyalli, sai daga baya hankalinsu ya dawo. A watan Fabrairu na 2015 aka yi gwanjon motoci wajen 60 na wani Bafaranshe, Roger Baillon, wanda sana'arsa sufuri da manyan motoci ce, irin ta alhazan Funtua. Ya tara su a rumfunan kwano a gidan gonarsa, kasuwanci ya karye, suka shekara da shekaru a nan. A ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu aka tono wata Ferrari 250 GT California ta 1961, wadda ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa hawa. Da ƙurarta da lotsawarta aka kai ta Paris, ba a yi mata wanka ba, aka saye ta yuro miliyan 16.3. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ba a sirka ta ba.

Kada a ɗauka ina cewa a bar tarakta ta lalace don a ce ta asali ce. Ita ba ta gidan tarihi ba ce, abincin gida take nemowa. Lagireton ta Alhaji ba nata ba ne, altaneta ta wata mota ce aka yi wa mazauni, tayoyi kuwa Allah kaɗai ya san sau nawa aka sauya. A Maranello wannan zai hana ta jan littafi. Ni a wurina matuƙar bulok nata ne, giyabos nata ne, gadar baya tata ce, kuma duk abin da aka sauya an faɗa ba a ɓoye ba, to gangariya ce. Dabarar bakaniken da ya sassaƙa wa baƙuwar altaneta mazauni a tsakiyar damuna, gona na jira, ita ma ta shiga tarihin motar, kuma ban ga dalilin jin kunyarta ba.

Tana da aibi, ba zan ɓoye ba ko da yake ba na son faɗa. Sitiyarin wadda na gani na ƙarfin damtse ne, direba kan kwana da ciwon kafaɗa. Birkinta sai da addu'a in ta ɗauko tirela cike ta doshi gangare. Ba ta da rumfa, ba ta da ƙarfen kariya in ta kife, ga yara na ɗarewa a kan madigadi, abin da ya kamata kowane mai tarakta ya hana ko da za a ce ya cika tsanani. Famfon gas ɗinta ba ya shiri da gas ɗin bakin hanya da aka sirka da kananzir, kuma tun da gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 kuɗin haro ya zama abin da ƙaramin manomi ke lissafi da yatsu. Amma dubi ɗaya gefen. Babu kwamfuta a jikinta, babu wayar da in ta tsinke sai an kira injiniya daga Legas. Matatar iskarta mai kwanon baƙin mai ce, ka zubar ka wanke ka sake zubawa, ƙurar hunturu ta yi ta yi. Da kaka a haɗa sandar bayanta da injin sussukar masara ta wuni tana juyi. A shekarun nan da ɓarayin daji suka kwashe shanun huɗa a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, tsofaffin nan sun rufa wa mutane da yawa asiri.

Tana da ƙanne da suka cancanci nasu sharhin. A 1975 Fiat ya fitar da 780 da 880, kuma gidan Pininfarina ne ya zana su, gidan da ya zana yawancin Ferrarin da duniya ke so. Dubi hancin 780 da kyau, yadda aka yanke shi a miƙe ba ƙumbiya-ƙumbiya, za ka san hannun gwani ya bi ta kansa. Daga baya aka koma launin jar ƙasa da sunan Fiatagri, zamanin su 80-66, waɗanda wasu direbobin suka fi so saboda ƙarfi, musamman masu jan gaba da baya da ake rubuta wa DT. Ba na musu da su, amma zuciyata na wurin mai ruwan goro. Haka nan tsofaffin direbobin Funtua ba su gama ba da labarin babbar motar nan Fiat 682 ba, wadda Turawa da kansu suka yi wa laƙabi da sarkin Afirka, ga kuma Basfa ta kamfanin Piaggio da malaman makaranta da limamai suka riƙe da mutunci. Italiya ta daɗe a garin nan, ba mu dai kira ta da sunanta ba.

Tsorona 'yan gwangwan. Mai tarakta ya rasu, magada ba manoma ba, ta shekara uku a ƙofar gida tayoyi sun sace, sai mai sikeli ya zo ya yi tayi da kilo. Tan biyu da wani abu na ƙarfen Modena a yanka da wuta a loda a mota, farantin lambar ya bi bola, Baba bakanike da ya san tarihinta shi ma tsufa na cim masa. Littafin makaranta mai fale arba'in ya isa a rubuta lambar shasi da ta inji, da wanda aka saya a hannunsa, da ranar da aka gurji karanshaf, a ajiye shi tare da takardun gona. Ko hoton farantin a waya ma wani abu ne. Na faɗa wa Alhaji haka, ya ce zai sa yaro ya rubuta. Na kuma tambaye shi ko gaskiya ne wani ya zo daga Zariya ya yi masa tayin musaya da sabuwa fil, ya ƙara masa da haro.

"An yi haka," in ji shi.

"To, Alhaji, me ka ce masa?"

"Na ce ya bari sai bayan kaka."

Ya dai ƙi faɗa masa kakar wace shekara, kuma sunayen masu jiran haro sun riga sun cika bayan kwalin da direba ke rubutu a kai.